Ranar da Farfesa Ya Rage wa Kwamfuta Nauyi

A layinmu akwai wani mai aski da kowa ke kira Farfesa. Bai taɓa tsayawa gaban aji ba, bakinsa ne ya jawo masa sunan. In ka zauna a kujerarsa, kafin ya gama maka gefe ɗaya ya gaya maka abin da ke damun injin motarka, da dalilin ciwon bayanka, da kuskuren da likitanka ya tafka. Askinsa dai yana da kyau, wannan babu ja. Shi ya sa ake haƙuri da sauran.

Matarsa malamar firamare ce, aji huɗu take koyarwa. Kowa Malama yake ce mata, har shi. Tana da wata tsohuwar laftof da yayanta ya bar mata, mai nauyi kamar bulo. Murfinta ya tsage an liƙe da salatif, batirinta ya daɗe da mutuwa, sai tana jone da wuta take aiki. In Malama ta kunna ta, sai ta je ta ɗora ruwa, ta wanke kwanuka, ta dawo ta tarar da ita tana nan tana tunani. A cikinta ne Malama ta kwashe mako uku tana buga tambayoyin jarrabawar ƙarshen zango, darasi shida, za ta kai wa hedimasta ranar Litinin da safe.

Ranar Asabar, Malama na shirin zuwa gaida mahaifiyarta, sai ga Farfesa ya tsaya a kan kwamfutar ya riƙe ƙugu.

"Malama, na gano ciwon abar nan."

"Tsufa ne ciwonta. Miƙo min jakata."

"Ba tsufa ba ne, kaya ne ya yi mata yawa. Memorinta giga biyu ne kacal, aka ɗora mata babbar manhaja irin ta sababbin injuna. Kamar a ɗora wa keke kayan tirela ne. Akwai wata manhajar mara nauyi da ake sa wa tsofaffi irinta, ka ga suna gudu. Na kalli yadda ake yi a waya."

"Bidiyon minti nawa ne?"

"Takwas. Uku na kalla na gane sauran."

Malama ta ajiye jakar. "Baban yara, don Allah kada ka taɓa min ita sai bayan Litinin."

"Haba, ni da na ce bayani kawai nake miki?"

"Ce min ka ji."

"Na ji."

Ya kuma ji ɗin, a kunne. Ko kwanar layi ba ta sha ba ya naɗe kwamfutar da cajarta cikin tawul, ya saɓa a hammata, ya nufi shago.

Shagonsa na tsakanin na tela da na wani dattijo mai gyaran agogo. A tsallaken titi kuma akwai wata mata mai gyaran waya da kwamfuta da kowa ke kira Injiniya, abin da ke ci wa Farfesa rai tun ranar da ta buɗe shago. Ya shimfiɗa tawul a kan teburin da yake jera almakashi da mayuka, ya ɗora kwamfutar, ya leƙa waje ya ɗaga murya.

"Jama'a, wanda ke son ganin yadda ake mayar da tsohuwa yarinya, ya matso. Yau zan sa wa wannan manhaja mara nauyi!"

Tela ya fito da tef rataye a wuya. Baba Mai Agogo ya jawo kujerarsa har bakin ƙofa, ya gyara tabarau.

"Mara nauyi ka ce, Farfesa? Wato in ka saka, ita kwamfutar za ta rage nauyi?"

Farfesa bai taɓa tunanin wannan ba. Amma cewa bai sani ba ba ya cikin kalmominsa.

"Sosai ma, Baba. Da yatsa biyu za ka ɗauke ta."

"To a auna tun yanzu, kada a zo ana gardama."

Aka kira mai kayan marmari na bakin titi, ya zo da sikelinsa. Aka sauke lemo aka ɗora kwamfuta: kilo biyu da giram ɗari bakwai. Tela ya rubuta da allinsa a jikin bango.

Hayaniyar ce ta fito da Injiniya. Ta tsallako, ta gaisa da kowa, ta dubi abin da ke kan tebur.

"Farfesa, ka kwafe abubuwan da ke ciki tukuna?"

"Ƙanwata, kwafewa ai ta masu shakkar hannunsu ce."

"To. Manhajar da ka sauke, wacce ce? Iri biyu ake yi, mai lamba talatin da biyu da mai sittin da huɗu."

"Sittin da huɗu mana. Ina ganin babba zan ɗauki ƙarama?"

"Wannan tsohuwar talatin da biyu kaɗai take karɓa."

"A hannunki ba."

Injiniya ta yi murmushi. "Shagona a buɗe yake har yamma," ta ce, ta koma.

Aikin yana bukatar filash, don a kansa ake fara zuba manhajar kafin a tura ta cikin kwamfuta. Farfesa ba shi da filash. Tela yana da guda, wanda yake sokawa a talabijin ɗin shagonsa yana nuna wa masu kawo ɗinki hotunan samfur.

"Aikin shekara huɗu ne a ciki," in ji tela, yana miƙawa da hannu biyu.

"Kwantar da hankalinka. A gefe kawai za ta zauna, kamar baƙuwa."

Ya soka filash, ya danna nan ya danna can, sai wani rubutun Turanci ya fito da alamar motsin rai a gefensa.

"Me ta ce?" tela ya tambaya.

"Gaisuwa ce. Tana tambaya ko mun shirya."

Ya danna i.

Da aka gama wannan, sai a sake kunna kwamfutar a danna wani maɓalli da sauri, don ta tashi daga filash maimakon tsohuwar hanyarta. Wane maɓalli? Wannan bayanin yana cikin minti biyar ɗin da Farfesa bai kalla ba. Ya gwada ɗaya, kwamfuta ta yi biris da shi ta shiga tsohon tunaninta. Aka jira kwatan awa guda. Ya gwada wani, aka sake jiran kwata.

"Abin na haɗin gwiwa ne," ya ce. "Turawa ma mutum huɗu suke yi."

Ya raba musu layin sama na kibod. Tela ya kama hagu, Baba Mai Agogo tsakiya, mai kayan marmari dama, shi kuma ya tsaya a kan makunni kamar direba.

"In na ce uku, kowa ya yi ta dannawa. Ɗaya, biyu, uku!"

Yatsu goma sha biyu suka sauka a kanta. Kwamfuta ta ƙwalla wata ƙara kamar an taka jelar kyanwa. Babban yatsan mai kayan marmari, wanda ya saba da matsa kankana, ya fincike maɓalli guda. Ya yi tsalle ya faɗa cikin tarin gashin da ke ƙarƙashin kujera.

Baba Mai Agogo ya leƙa ta saman tabarau. "Gaskiyarka fa, Farfesa. Ga shi ta fara rage nauyi."

Aka kwashe da dariya. Amma wani daga cikin yatsun ya dace, don allon ya yi baƙi, wasu fararen rubutu suka gudana. Farfesa ya buɗe hannuwa yana jiran tafi. Rubutun ya tsaya a kan layi ɗaya tak, ya ƙi gaba. Wani mai jiran aski da ya iya Turanci ya sunkuya ya karanta.

"Ta ce wannan manhajar ba ta dace da injinta ba. A nemo mai talatin da biyu."

Duk suka waiwaya tsallaken titi. Injiniya na zaune a ƙofar shagonta tana kwance wata waya, ba ta ko ɗago kai ba.

"Gwaji na yi," in ji Farfesa. "Ƙwararre yana fara jarraba injin da babban kaya ya ga ƙarfinsa."

Yana sauke ta biyun a wayarsa, sai wata mata ta zo wurin tela tana son ganin samfur. Tela ya zare filash ɗinsa ya tafi. Ba a yi minti biyu ba aka ji ihu ta bango. Ya dawo da gudu, tef na lilo.

"Farfesa! Ina hotunana? Babu ko hannun riga!"

"Suna nan."

"Ina?"

"A ƙasa. Manhajar ce ta zauna a kansu. In an gama aikin ta tashi, za su taso."

"In ba a gama ba fa?"

"To nan ne ba zan iya yi maka alkawari ba."

Tela ya dube shi, ya dubi filash. Ya miƙa masa da kansa, yana huci. "Gama. Kuma ina nan tsaye."

A karo na biyu abin ya shiga. Allon ya yi haske, wani kyakkyawan shafi ya buɗe da jerin harsunan duniya, a zaɓi guda. Zuwa lokacin mutum ya kai goma sha biyar a ƙofar shagon. Farfesa ya juyo yana yi musu bayanin yadda memori ke numfashi, yatsansa mai maiƙon man gashi yana kan wurin da ake shafawa a motsa kibiyar allo. Yatsan ya zame, ya danna. Da ya waiwayo, duk rubutun ya koma wasu haruffa masu lanƙwasa kamar an zubar da ƙugiyoyi.

"Wane yare ne wannan?" in ji mai kayan marmari.

"Yaren injin ne. Ba kowa ake nuna wa ba."

"Karanta mana," in ji Baba Mai Agogo.

Farfesa ya bi layin da yatsa, yana motsa leɓe. "Ta ce, barka da zuwa, aikinka yana kyau."

"Duk wannan dogon layin?"

"Yarensu yana da ja."

Ya yi ta danna maɓallin da ke ƙasa ta dama, shafi na bin shafi, har aka zo wani mai zaɓi biyu. Na saman yana da jan rubutu da alamar kusurwa uku.

"Jan nan ba alheri ba ne," tela ya ce. "Ni na ga irinsa ɗazu."

"Naka rawaya ne. Ja alamar ƙarfi ce. Kuma na sama kullum shi ne na manya."

Ya zaɓi na sama. Kwamfuta ta sake tambaya, da jan da ya fi na farko. Ya sake danna mata. Wani siririn layi ya fito ya fara cika a hankali, lamba na hawa a gefensa: biyar, tara, sha huɗu. Jama'a suka yi tafi. Farfesa ya ɗan rusuna, ya ce duk mai tsohuwar kwamfuta a gida ya kawo ranar Laraba, zai ware wa abin yini guda.

Ana cikin haka sai ga hedimastan makarantar su Malama, wanda a nan yake aski duk bayan mako biyu. Ya ratsa mutane yana duba agogo.

"Farfesa, yi min sauri. Ina da taron shugabannin makarantu ƙarfe biyu."

"Ranka ya daɗe, bisimilla. Minti goma."

Ya yafa masa ƙyalle, ya ɗauki kilifa mai caji, ya fara daga dama, baki na aiki, ido na kan allo. Lamba ta kai arba'in. Ta kai hamsin da biyar. Ya gama kwashe gefen dama tas, ya hau tsakiya, sai kilifar ta yi gurnani ta mutu. Tun safe bai sa ta a caji ba.

"Ba komai, akwai mai waya."

Soket ɗaya ne tak ke aiki a shagon. Farfesa, yana tsakiyar bayanin bambancin giga da mega, ya miƙa hannu baya ba tare da ya duba ba, ya zare abin da ke ciki, ya soka kilifa.

Allon ya ɗauke ɗif, a kan sittin da biyu.

Kilifa kuwa ta kama kuka. Hedimasta ya bi idon mutane ta madubi, ya ga murfin da aka liƙe da salatif.

"Tsaya. Wannan ba kwamfutar Malama ba ce?"

"Ita ce, ranka ya daɗe. Ina ɗan..."

"Wadda tambayoyin aji huɗu ke ciki?"

Gumi ya keto wa Farfesa. Ya zare kilifa, ya mayar da caja, ya danna makunni. Allon ya kawo baƙi ƙirin, da wani ɗan farin layi a kusurwa yana ƙifta ido. Babu tsohuwar manhaja, babu sabuwa.

"Tana hutawa ne," ya ce, da wata siririyar murya.

"Kaina fa?" in ji hedimasta.

Ya zare caja ya soka kilifa.

"Hotunana fa?" in ji tela.

Ya zare kilifa ya soka caja.

"Farfesa, ƙarfe ɗaya ta wuce! Haka zan shiga taro, rabi gona rabi fili?"

Yana tsaye da waya ɗaya a kowane hannu, ya rasa wadda zai soka, sai mutanen ƙofa suka dare biyu. Malama ce. Ta dawo gida ta tarar da tebur wayam, ba ta kuma bukaci a gaya mata inda za ta nufa ba. Ta gaida hedimasta, ta kau da ido daga kansa cikin ladabi, ta dubi baƙin allon, sannan ta dubi mijinta.

"Baban yara, me ka ce min da safe?"

"Na ce na ji."

"To ni ma yanzu ina so in ji."

Baba Mai Agogo ya ɗaga hannu ya yafito Injiniya. Ta zo da nata filash, ta zauna, ta yi 'yan danne-danne, kowa ya zuba mata ido. Can ta numfasa.

"Malama, sai haƙuri. Ya zaɓi a goge komai. Da a nan ya tsaya, da na gwada ceto wasu. Amma an riga an rubuta sabo a kan wurin, fiye da rabi."

"Duka darasi shidan?"

"Duka."

Malama ba ta yi faɗa ba. Ta zauna a bencin masu jira, ta ɗora jaka a cinya, idonta ya ciko. Mako uku ke nan tana dawowa daga makaranta a gajiye, ta zauna gaban abar nan tana jiran kowane harafi ya fito. Farfesa ya ajiye wayoyin biyu, ya zo ya tsaya gabanta yana murza hannu.

"Malama, ni na yi. Kin hana ni, na ƙi ji. Ban san yaren ba, ban san komai a ciki ba. Ki yi haƙuri."

Baba Mai Agogo ya zaro agogon aljihu. "Ƙarfe ɗaya da minti goma sha biyu, ranar Asabar. Farfesa ya ce bai sani ba. Tela, rubuta a bango."

Har Malama sai da dariya ta kuɓuce mata, tana share ido.

Hedimasta ya yi gyaran murya. "Malama, kina da su a rubuce da hannu?"

"Suna cikin littattafaina, ranka ya daɗe. Bugawar ce aiki."

"To Litinin dai Litinin ce, ba zan iya ɗaga wa aji ɗaya ba. Kai kuma zo ka ƙarasa abin da ka iya."

Aka kai kwamfutar shagon Injiniya, aka bar wa kilifa soket. Farfesa ya gama askin bai ce uffan ba, abin da hedimasta ya ce shi ne aski mafi daɗi da aka taɓa yi masa. Tela kuwa ya yanke hukunci: duk wanda ya zo aski sanye da ɗinkinsa, Farfesa zai tsayar da shi ya ɗauke shi hoto gaba da baya, har filash ya sake cika.

Cikin rabin awa Injiniya ta dawo da kwamfutar. Ta sa manhajar mara nauyi yadda ya kamata, cikin yaren da ake ganewa. Baba Mai Agogo ya tono maɓallin da ya ɓata daga cikin gashi, ya mayar da shi da ɗan hantsakinsa. Aka danna makunni. Kafin mai kayan marmari ya gama ɓare lemo ɗaya, ta buɗe tsaf tana jira.

Farfesa ya miƙe. "Kun gani ko? Ai tun farko na ce..."

Malama ta dube shi. Ya koma ya zauna.

Washegari Lahadi, ranar da ya fi samun masu aski, ba a yi aski ba. Malama ta sa aka fito da tebur ƙofar shago, inda iska take. Ta zauna da littattafanta shida a cinya, shi kuma gaban kwamfuta. Ita ke karantawa, shi ke bugawa, da yatsa biyu, yana neman kowane harafi kamar wanda ya yar da allura. Tela da Baba Mai Agogo suka jera kujeru. Har Injiniya ta tsallako da kofin shayinta.

"Lissafi, tambaya ta tara," in ji Malama. "Bakwai sau takwas."

"Hamsin da huɗu. Wannan ai kyauta kika ba yaran."

"Hamsin da shida. Kuma ba a ce ka amsa ba, bugawa aka ce."

"Uku ke nan ya faɗi cikin tara," in ji tela.

"Huɗu," Baba ya gyara masa. "Ka manta da ta kusurwoyi."

Farfesa ya yi kamar bai ji ba. Ya samo bakwai, ya samo takwas, ya tsaya neman alamar sau. Da ya gaji da nema sai ya jingina, ya shafa murfin kwamfutar, ya dubi jama'a.

"Amma tsakani da Allah, ku faɗi gaskiya. Kun ga saurinta yanzu?"

Malama ta juya shafi ba tare da ta ɗago ba.

"Mun gani, Baban yara. Ita ta daɗe da shiryawa, kai muke jira. Tambaya ta goma."